Zamana da Madam a Kwaciri

Shekarun baya, bayan na yi ritaya daga koyarwa kuma Allah ya yi wa maigidana rasuwa, na wayi gari ni kaɗai a gidanmu na Kwaciri. Yara duk sun kama gabansu. Babban yana aiki a Abuja, matan kuma kowacce tana ɗakin mijinta a wani gari. Ina fita takaba kowannensu ya zo da tasa dabarar ta ɗauke ni. Na ce babu inda za ni. Na ƙarar da ƙuruciyata ina shan hayaniyar 'ya'yan mutane a aji, in dawo gida in sha ta nawa. Yanzu da Allah ya ba ni shiru, ba zan ɗauke shi in kai gidan suruka in zubar ba.

Kuma da farko na ji daɗin abina, ba zan ɓoye ba. In na ga dama in ɗora tukunya, in ban ga dama ba in dama fura in sha in kwanta. Inda na ajiye abu, nan zan dawo in same shi. Rediyo tana tashar da nake so, babu mai murɗa min. Duk bikin da na je sai na yi wa ƙawayena alfahari, in ce ni yanzu sarauniya ce, ba mai ce min tashi ba mai ce min zauna. Abin da ban gaya musu ba shi ne sarauniyar ta fara yi wa buta magana. Sai in fito in gan ta a tsakar gida in ce, "Ke kuma wa ya kawo ki nan?" alhali ni na ajiye ta. In mai ruwa ya shigo kuwa, sai na tsare shi da tambayar mutanen garinsu har ya fara kallon ƙofa.

Akwai wata ƙawata da muka yi koyarwa tare a wata firamare a nan Fagge. 'Yar ƙabilar Ibo ce, Kirista, amma a Sabon Gari aka haife ta. In tana Hausa a bayan labule, ba za ka taɓa cewa ba 'yar cikin gari ba ce. Mu malamai Madam muke ce mata, yara kuma Anti. Mijinta ya daɗe da rasuwa, 'yarta guda tana aikin jinya a Inugu. Bayan ritaya mun ɗan yi nisa da juna, sai gaisuwa a waya jefi-jefi.

Wata rana na fito zan shiga kasuwar Kwari sayen atamfa, muka yi kiciɓis da ita a mahaɗar titin Bata, tana tsaye tana jiran a rage cunkoso ta tsallaka. Ta rame har sai da na sake kallonta. Na ja ta gefe muka tsaya a inuwar wani shago. Ta ce gidan da take haya tun tana amarya magada sun sayar, wanda ya saya zai rushe ya yi shaguna. Ta yi yawon neman ɗaki har ƙafarta ta kumbura, wanda ta samu ko dai a saman bene ne, ko kuma a jikin wurin da ake kwana ana kiɗa.

Na ce, "To 'yarki fa?"

Ta ce, "Cewa take in dawo gida. Malama, gida ina? Ƙauyen da in na je sai an nuna min hanyar rafi? A garin nan aka yanke min cibiya, a garin nan na binne mijina."

Bakina ne ya riga tunanina. Na ji kaina ina cewa, "Ga ɗaki a wajena ba kowa. Ki zo ki zauna kafin ki samu wuri." A raina na ɗauka za ta yi godiya ta ce a'a, kamar yadda ake yi. Sai ta kama hannuna ta ce, "Yaushe zan zo?"

Ranar da ta zo, da na leƙa na ga akori-kura a ƙofar gida, sai da na riƙe baki. Keken ɗinki, turmi, tukwane kamar na mai abincin sayarwa, wata doguwar kujera da ta girmi 'yarta, da hoton mijinta a cikin gilashi. Ni da na zaci jaka biyu za ta zo da su.

Watannin farko ba su zo da sauƙi ba. Madam mace ce mai waƙa. Tana shara tana waƙa, tana wanki tana waƙa. Akwai wata miya da take yi da busasshen kifi da wani abu mai kama da daddawa, wanda daddawarmu ba ta kama ƙafarsa ba wajen wari. In ta ɗora, sai in shige ɗaki in kunna turaren wuta. Ita kuma turaren ya sa ta atishawa, ta leƙo ta ce, "Malama, aljanu kike kora?" In ce, "Miyarki ta riga ta kore su." Ni mai jiƙa kwanuka ce sai na huta in wanke. Ita kuwa ko cokali ba ta bari ya kwana, kuma in ta wanke sai ta ajiye inda ta ga ya dace, in yi ta neman ludayina a gidana kamar baƙuwa. Ana tsakiyar shirin da nake saurare a rediyo za ta fara ba ni labarin wata mata da ban sani ba. Sau da yawa nakan rufe ƙofa in zauna a bakin gado in ce, ni wa ya aike ni?

Amma a hankali muka koyi juna, ba tare da an zauna an yi doka ba. In ta ga na shimfiɗa darduma, waƙar sai ta tsaya. In na ga ta buɗe littafin addininta da safe ta sa tabarau, ba na daka ba na kiran sunanta. Abin da ta san ba a shigowa da shi gidan Musulmi, ba ta taɓa shigowa da shi ba, kuma ban taɓa buɗe baki na gaya mata ba. Miyar nan ma da nake gudu, wata rana na ɗanɗana don kada ta ji babu daɗi, sai ga ni ina miƙa kwano a ƙara.

Akwai ranar da na dawo daga wani suna da yamma, a gajiye. Na laluba jaka zan ciro mukulli, sai na ga ƙofa a buɗe. Ina shiga zaure na ji muryarta daga ciki: "Sannu da zuwa. Kin daɗe, har na fara tunanin ko lafiya." Na tsaya a zauren nan na ɗan jima. Tun rasuwar maigidana babu wanda ya lura na daɗe ko ban daɗe ba. Daga ranar ban sake tambayarta ko an samu ɗakin ba, ita ma ba ta sake tayar da zancen ba.

Haka muke har wata safiya muna karyawa da koko da ƙosai a tsakar gida. Tana cikin magana sai kofin ya suɓuce daga hannunta. Na ɗaga kai zan yi mata tsiya, sai na ga bakinta ya karkace, tana son magana harshe ya ƙi. Ko mayafi ban tsaya nema ba, zanin gado na yafa na fita na tsayar da adaidaita. A asibiti suka ce hawan jini ne ya taɓa mata ɓarin jiki, kuma da an ƙara jinkiri da labarin ya sha bamban.

'Yarta ta taho daga Inugu ta yi jinya har aka sallame mu. Ta so ta tafi da ita, likita ya ce jikin ba zai ɗauki doguwar hanya ba tukuna. Ga aiki yana jiranta, ga ƙananan yara ta baro. Na same ta a bayan ɗaki tana kuka, na ce ta koma, uwarta tana hannuna. Ta durƙusa ta ce, "Mama, nauyin ya yi miki yawa." Na ce, "Tashi. Da ni ce na faɗi, uwarki ba za ta tsaya auna nauyina ba."

Ni nake mata wanka, ni nake kai ta gashi a asibiti, ni nake ba ta abinci a baki. Da maganarta ta fara dawowa, da Hausa ta dawo, kuma da mita. Na ba ta cokalin farko na faten doya, ta tauna a hankali, ta dube ni da karkataccen bakin nan ta ce, "Gishiri ya yi yawa." Na yi dariya har hawaye suka zubo, na ce alhamdu lillahi, Madam ta warke.

Da ta fara takawa da sanda, sai na lura da wani abu. Duk ranar Lahadi takan sa in ɗauro mata zaninta mai kyau, ta zauna a bakin ƙofar ɗakinta da littafinta a cinya, ba ta karantawa. Mutanen cocinsu suna zuwa duba ta lokaci-lokaci, amma ba wannan take kewa ba. Wata Lahadi na ga tana share ido da hannun nan mai lafiya. Na ce, "Tashi mu je." Ta ce, "Ina?" Na ce, "Inda ranki yake."

Na riƙe ta muka hau adaidaita har Sabon Gari. A bakin ƙofar cocin matan suka karɓe ta suna murna, ni kuma na tsallaka titi na tsaya a barandar wani shago da ke rufe. Wata mai suyar doya a gefen ta dube ni da hijabina, ta turo min benci. Na zauna na ciro carbina. Da aka tashi suka fito min da ita, fuskarta kamar an wanke. Daga nan ya zama kowace Lahadi.

To, kun san gari. Wani da ya je kasuwa ya hango ni, ya gaya wa wani. Ban san ana yi ba sai da na ga alamu. Na shiga gidan biki, hira ta mutu. Maƙwabciyata da kullum take aiko min da tuwo in ta yi, kwanonta ya daina zuwa. A Islamiyyarmu ta matan aure aka yi wa'azi a kan zaɓen abokin zama, kuma duk da ba a kira suna ba, na ga wuya yana juyowa ta inda nake. Abin ya yi min ciwo. Unguwar da na koyar da rabin 'ya'yanta karatu, yau ni ake kallo ta wutsiyar ido.

Wata Asabar sai ga babban ɗana daga Abuja, babu sanarwa. Ɗan fari ne, don haka tsakanina da shi akwai kunya. Ban taɓa kiran sunansa ba, ban cika doguwar magana da shi ba. Ya gaishe ni, ya leƙa ya gaida Madam, wadda ita ta koyar da shi a aji uku. Sannan ya zauna a tabarma yana ta juya mukullin mota a hannu.

"Umma, wata magana ce take ta zuwa kunnena."

"Ina jin ka."

"Wai an ce kina zuwa coci."

"Ƙofar coci nake zuwa."

Ya sunkuyar da kai. "Ni na san ki, Umma. Amma bakin mutane ba shi da linzami. Har dangin mazan ƙannena sun fara bugo waya suna tambaya. Na yi tunani, me zai hana in nema wa Anti wuri a Sabon Gari kusa da mutanenta, in sa wadda za ta kula da ita? Ba za ta rasa komai ba."

Kafin in ba shi amsa sai muka ji ƙarar sanda. Madam ce ta fito tana jan ƙafa, ta dafa bango. Ashe duk ta ji. Ta ce, "Malama, yaron nan yana da gaskiya. Kin yi min abin da ko 'yar'uwata ba za ta yi ba. Kada sunanki ya ɓaci a unguwarku saboda ni. Zan tafi."

Na ce ta zauna kada ta faɗi. Sannan na juya na dubi ɗana a ido, abin da ban saba ba. Na ce, "Tun da aka haife ka ban taɓa zaunar da kai na yi maka doguwar magana ba. Yau zan yi. Addinin da ake tsoron matar nan za ta raba ni da shi, shi ne ya hana ni sakin hannunta. Maƙwabcin da katanga ta raba ku ma yana da haƙƙi a kanka, balle wadda kuke cin tukunya ɗaya. In na fitar da ita daga gidan nan da sanda a hannunta don tsoron bakin mutane, me zan je in gaya wa Ubangijina? Su masu maganar za su tsaya min a can?"

Ya ci gaba da juya mukullin motar a hannu. Na ce, "Gobe Lahadi. Tun da Allah ya kawo ka da mota, ka hutar da mu hawa adaidaita."

Da safe ya fito da motar, fuskarsa ba yabo ba fallasa. Muka isa. Akwai 'yan matakala a bakin ƙofar, waɗanda kullum sai mata biyu sun taru kafin su haurar da ita. Ya tsaya yana kallon yadda muke fama, sai ya matso ya ce, "Anti, kawo hannunki." Ya tallafe ta kamar jaririya ya haurar da ita. Ta ce masa, "A hankali, kada ka yar da malamarka." Na ga ya yi murmushi bai shirya ba.

Ya dawo ya same ni a kan bencina. Mai doya ta ce, "Hajiya, yau da ɗan rakiya aka zo?" Na ce ɗana ne. Ta goge masa gefen bencin da zaninta. Ya zauna, ni ina jan carbi, waƙarsu tana fitowa ta taga, masu adaidaita suna wucewa suna kallonmu. Can ya ce, "Kullum a nan kike zama?"

Na ce, "Nan ne. In rana ta juyo sai in matsa can."

Ya ɗaga kai ya dubi ranar, wadda ta fara cin ƙafafuna. Sai ya miƙe ya tsaya ta ɓangaren da take shigowa, inuwarsa ta rufe ni. A haka ya tsaya har aka tashi.

Da muka dawo Kwaciri, dattawan layinmu suna zaune a majalisarsu a gindin dalbejiya. Yana iya shiga da motar har bakin zaure, amma sai ya tsaya daidai gabansu. Ya fito, ya buɗe wa Madam ƙofa, ya riƙe hannunta, suka taka a hankali. Ya gaida dattawan nan ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Malamata ce, daga wurin ibadarta muka ɗauko ta. A sa ta a addu'a, ba ta da lafiya." Wani tsoho a cikinsu ya ce, "Allah ya ba ta lafiya. Ai ta koyar da nawa ma." Sauran suka amsa da amin.

Ba zan ce maganar ta mutu a ranar ba, amma ƙafarta ta karye. Ba a daɗe ba maƙwabciyata ta shigo da kunun gyaɗa a kwano, ta ce ta zo duba mai jiki. Ban tambaye ta inda ta shiga ba, ita ma ba ta faɗa ba.

Mun ƙara shekaru tare bayan haka. Sai da gwiwoyina suka fara ba ni matsala, na kasa ɗaga ta in ta zame, sannan ita da kanta ta ce lokaci ya yi. 'Yarta ta zo ɗaukarta. Na raka su tashar manyan motocin Kudu a Sabon Gari. Mun yi alkawari tun a gida ba mai kuka, kuma mun kusa cikawa. Ana shirin rufe ƙofa ta kama hijabina ta ce, "Malama, in kin koma kada ki sa wa ɗakin nan kwaɗo. Na san halinki. Za ki ce kin huta, kuma ba hutu ba ne."

Na koma na sa masa kwaɗo. Taurin kai ba ya tsufa. Na sake zama sarauniya na ɗan lokaci, sai na ga sarautar ba ta da ɗanɗanon da. Da ƙanwar maigidana ta rasa nata mijin, ni na je har gida na ce ta haɗa kayanta. Yanzu da ita muke zaune, kuma ita ma tana da nata halin da sai an yi haƙuri, kamar yadda take haƙuri da nawa.

Mata da yawa masu irin shekaruna suna tambayata, zama kai kaɗai ko zama da wani, wanne ya fi? Ba na yi musu ƙarya. Zama kai kaɗai yana da daɗi, kuma wanda ya zaɓe shi bai yi laifi ba. Zama da mutum kuwa sai ka rage wani abu daga son ranka kullum, kamar mai ɗiba daga buhu. Sai dai na lura duk abin da na rage ban taɓa nemansa na rasa ba. Da ƙuruciya mukan zauna da mutane don dole, iyaye ne, miji ne, 'ya'ya ne. Da girma ne kawai mutum yake samun damar ya buɗe ƙofarsa ga wanda babu abin da ya haɗa su sai Allah, kuma wannan zaman yana da wani irin daɗi da ban san da shi ba sai da furfura ta cika min kai.

Madam tana nan da ranta a Inugu, a wajen jikokinta. Muna waya duk mako. Takan yi min ƙorafin cewa babu wanda take Hausa da shi, har ta fara koya wa jikokin don ta samu abokin faɗa. Kuma ba ma rabuwa sai ta tambaya.

"Matar nan tana share min ɗakina kuwa?"

"Tana sharewa."

"To ki gaya mata aro na ba ta."

Nakan ce to, zan gaya mata. Ita ma ƙanwar maigidan nawa, in baƙi suka zo suna neman inda za su ajiye jaka, sai in ji ta ce, "Ku kai ɗakin Madam."